Makaho Ba Zai Jira Sai An Gama Da Masu Ido Ba

Malam, na karanta abin da ka rubuta a kan shirin mayar da littattafai da darussan makarantunmu cikin kwamfuta da waya, kuma sashen da ka taɓo masu buƙata ta musamman ne ya sa na ɗauki alƙalami. Idan na fahimce ka daidai, cewa ka yi ƙasar da yaranta sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, wadda ɗalibanta ke zaune a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye rufinsa, ba ta kai matsayin da za ta tsaya sai kowane darasi ya dace da makaho da kurma ba. Ka ce a fara wadata mafi rinjaye, in abu ya kankama a waiwayi sauran. Ka kuma ce ai akwai makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano, can ya kamata a kai musu abin da ya dace da su. Ban ga mugun nufi a maganarka ba. Na ga mutumin da ya gaji da yadda ake ƙarar da kuɗi a taron bita a bar aji babu alli. Sai dai ka yi kuskure, kuma kuskuren ya dame ni ne saboda irinsa ke cikin kan mutanen da ke sa hannu a takardun kwangila.

Duk maganarka ta doru a kan zaton cewa abin yana da tsada. To, bari mu duba mene ne abin.

Ɗalibi makaho a yau ba ya jiran a ƙirƙiro masa wata na'ura. Mafi yawan wayoyin Android da ke hannun mutanenmu, Tecno ce ko Itel ko Infinix, suna iya aiki da TalkBack, manhajar da ke karanta wa mutum da murya duk abin da yatsansa ya taɓa. Wayoyin iPhone na da VoiceOver. A kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara haɗawa a 2006 suka bar ta kyauta ga duniya. Makafinmu sun daɗe da sanin waɗannan. Da su suke aika saƙo a WhatsApp, suke bin labarai, suke rubutu a Facebook. Abin da ke tare musu hanya shi ne yadda aka ajiye littafin. Idan aka ɗauki hoton shafuka ɗaya bayan ɗaya aka haɗa su aka ce ga littafi, manhajar ba ta ganin harafi ko ɗaya, hoto kawai take gani, sai ta yi shiru. Idan kuwa rubutu ne na ainihi, wanda aka yi wa alamar babi da kanun magana, za ta karanta shi daga bango zuwa bango, yaro ya tsallaka babi na bakwai ko ya koma tambaya ta uku yadda ya ga dama. Littafi ɗaya ne, marubuci ɗaya, kuɗi ɗaya.

Kuma ka lura, babu littafin da ake bugawa yau wanda ba a cikin kwamfuta aka haife shi ba. Rubutun ainihin yana nan a ofishin mawallafi, ko a Zariya yake ko a Ibadan. Mayar da shi hoto ƙarin aiki ne da wani ya zauna ya yi, ko don tsoron masu satar fasaha, ko don haka ya tarar ana yi. Wato sau da yawa mu ne muke sa hannu mu rufe ƙofar da take a buɗe, sannan mu dawo mu ce buɗe ta zai ci kuɗi.

Sauran abubuwan ma haka suke. Hoton zuciya a littafin kimiyya yana buƙatar layi biyu ko uku da ke bayanin abin da ke cikinsa, kuma malamin da ya rubuta darasin zai iya yin wannan kafin shayinsa ya huce. Maɓallin da aka zana a manhaja yana buƙatar suna, don kada yaro ya ji murya tana ta nanata masa cewa ga maɓalli, ga maɓalli, ba tare da ya san wanne ne na ci gaba wanne ne na share amsa ba. Yaron da hannunsa ke rawa, ko wanda shanyewar jiki ta hana shi jan linzamin kwamfuta, yana buƙatar a bar shi ya yi komai da madannai. Zabiya, wanda ganinsa ke da rauni, yana so ya iya ƙara girman harafi ba tare da rabin jimla ya ɓace a gefe ba, kuma kada a sa masa rubutu ruwan toka a kan fari. Malamin da ake ɗauka a bidiyo ya daina cewa a haɗa wannan da wannan a samu wancan, ya faɗi lambobin da bakinsa. Wanne ne a cikin waɗannan zai hana a yi wa aji rufi?

Inda tsadar take shi ne a daga bayan nan da kake kira a yi. Magini ya san bambancin shimfiɗa bututun ruwa kafin a yi daɓe da fasa daɓen bayan an tare a gidan. Manhajar da aka gina ba a yi tunanin makaho ba, gyaranta yakan zama sake gini, ga shi an biya ɗan kwangila ya tafi, ga darussa dubbai an riga an ɗora. Wa zai sake fitar da kuɗi? Mun san amsar, domin mun ga yadda daga baya take ƙarewa a ƙasar nan. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ka zaga makarantun unguwarku ka ƙirga masu gangaren hawa da ban-ɗakin da gurgu zai iya amfani da shi. Wannan abu ne da ido ke gani kuma doka ta yanka masa rana. Ina ga abin da ke ɓoye a cikin manhaja, wanda mai duba aiki ba zai taɓa lura da shi ba muddin shi yana gani?

Jarrabawar JAMB ta ishe mu darasi. An fara yin ta da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 aka daina ta takarda gaba ɗaya. Sai a 2017, zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, aka kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don kula da makafi da ire-irensu. Aikin kwamitin nan abin yabo ne, kuma ya kai yara da yawa jami'a. Amma dubi yadda dole aka yi: ana tara ɗaliban a 'yan cibiyoyi ƙalilan, ciki har da ta Jami'ar Bayero a Kano, a ba su masauki da abinci su da 'yan rakiyarsu, a karanta musu tambayoyi su amsa. Duk wannan ɗawainiya kuɗi ce, kuma kowace shekara sai an sake ta. Ga shi yanzu WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana niyyar mayar da WAEC da NECO baki ɗaya kan kwamfuta. Kowace cikinsu jarrabawa ce ta darussa takwas ko tara, ta makonni, a kowace ƙaramar hukuma. Yaron da bai taɓa karanta darasinsa a kwamfuta ba saboda ba a yi darasin dominsa ba, yaya zai yi ranar? A 2020 ma mun gani, lokacin da korona ta rufe makarantu aka koma darasi ta rediyo da talabijin. Kurma bai ƙaru da rediyo ba, makaho bai ga allon da ake nunawa a talabijin ba. An yi abin cikin gaggawa, na yarda. Shirin da ake yi yanzu kuwa ba na gaggawa ba ne, a zaune ake tsara shi.

Batun makarantu na musamman shi ne ya fi ba ni mamaki daga malamin makaranta. Tun daga ta makafi da ke Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, zuwa yau, makarantun nan 'yan kaɗan ne, galibi a manyan garuruwa suke, kuma na kwana. Uban da ke ƙauyen da ya yi nisa da birni ba kasafai yake yarda ya tura 'yarsa kurma mai shekara bakwai can ba, kuma ba zan zarge shi ba. Ban da haka, yawancin yaran da muke magana a kansu ba makafi ne ɗungurungum ba, ba kuma kurame ne sarai ba. Yaro ne mai gani dishi-dishi tun da ya yi ƙyanda. Yarinya ce da kunnenta ɗaya ya toshe bayan zazzaɓi. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda haruffa ke rikice masa, idan aka karanta masa ya gane, idan aka ce ya karanta ya tsaya cak. Waɗannan suna cikin ajinka, Malam, a layin baya, kuma sunan da aka fi kiran su da shi daƙiƙai. Mu a arewa mun fi kowa sanin daga ina suka fito. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe sama da mutum 11,000, ta bar wasu da yawa da kurumta, kuma cutar ba ta daina dawowa da zafin bazara ba. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa an raba ƙasar nan da asalin ƙwayar shan-inna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Ba tsiraru ne da za a ware musu makaranta ɗaya a jiha a ce an gama ba. Dokar 2019 ɗin ma cewa ta yi makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhajar karatu.

Ko da na yarda da kai cewa a mayar da hankali kan makarantu na musamman, su ma abin da nake nema suke nema. Injin buga rubutun makafi na burel da rubutun ainihi yake aiki. Idan ba a ba malamai shi ba, sai wani ya zauna ya sake buga littafin gaba ɗaya da hannu, shafi bayan shafi, shi ya sa littafin makaho kan iso bayan 'yan ajinsa sun wuce wurin, in ma ya iso. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kukan cewa abin da ake mayarwa yadda makaho zai karanta bai kai kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ba, a ƙasashe matalauta kuma bai wuce kashi 1 ba. A da ana fakewa da haƙƙin mallaka. Yanzu wannan hanzarin ya kau: Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta halatta a juya littafi don amfanin makafi ba sai an nemi izinin mai shi ba.

A wani wuri ka nuna kamar wannan magana ta ƙungiyoyin waje ce da suke kawo mana tare da tallafinsu. Nan kam ban yarda ba ko kaɗan. A karatunmu na zaure makaho bai taɓa zama bare ba. Malam ya biya, almajiri ya maimaita, kunne da harshe su ne kayan aiki, shi ya sa garuruwanmu ba su rasa makafi mahaddata da masu jan baƙi ba. Aliyu Namangi na Zariya tun yana yaro ya makance, amma ya yi karatu ya tsara waƙoƙin Imfiraji da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Kowane yaron Islamiyya ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa: makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo neman ilimi a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa, kuma aka yi gyara daga sama a kan barinsa ya jira. Ban kawo wannan don in yi maka wa'azi ba, ka fi ni sani. Na kawo shi ne don tsarin da kake ba da shawara, a gama da manya sannan a juyo, ba sabo ba ne a kunnenmu, kuma mun san hukuncin da aka yi masa. Karatun boko ne ya mayar da ilimi abin kallo a baƙin allo. Kwamfuta na iya ƙara tsananta hakan, tana kuma iya dawo da kunne cikin karatu. Ya danganta da yadda muka gina ta.

Akwai wuraren da kake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye su ba. Kurame su ne lamarinsu ya fi wuya kuma ya fi cin kuɗi. Rubutu a ƙasan bidiyo yana taimakon wanda ya kurumce bayan ya iya magana da karatu. Yaron da aka haifa kurma kuwa, hannu ne harshensa na farko, Hausa da Turanci a rubuce baƙi ne a wurinsa, don haka sai an ɗauki mai fassara da hannu a cikin bidiyon. Wannan na buƙatar ɗakin ɗauka da ƙwararru da albashi. Ga kuma wani ƙulli namu na gida: abin da ake koyarwa a makarantun kurame ya samo asali ne daga maganar kuramen Amurka, wadda Andrew Foster, shi ma kurma, ya shigo da ita ta Ibadan wajen 1960, alhali kuramen ƙasar Hausa na da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Yaro na zuwa aji ɗaya da ta gida, ya tarar da ta makaranta. Da wacce za a ɗauki darasin 'yan aji ɗaya? Kuramen ne da malamansu ya kamata su yanke. A Kenya kamfanin eKitabu ya ɗauki kurame aiki suna shirya littattafan yara cikin maganar hannun ƙasarsu, UNICEF kuma ta gwada littattafan da suka haɗa murya da rubutu da hannu a Kenya da Uganda da Ruwanda. Waɗannan ƙasashe ba su fi mu kuɗi ba. Ba a ce a gama kowane darasi a shekara ɗaya ba. A fara da karatu da lissafi na ajujuwan farko, inda yaro ke tsayawa ko ya faɗi.

Haka nan Hausa. Manhajojin da na ambata sun ƙware a Turanci da Larabci, amma idan suka ci karo da Hausa sai su karanta ta da lafazin Bature, yaro ya yi ta laluben ma'ana. Mun kuma ƙara wa kanmu wahala da tsofaffin salon haruffan da aka yi amfani da su shekaru da dama, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka-biyu da sauran alamomi. A ido kana ganin ƙasa, a cikin na'ura kuwa alama ce a gaban asa, kuma abin da za a karanta wa makaho ke nan. Maganin wannan kyauta ne, a buga da haruffan Unicode da kowace waya ta sani. Muryar Hausa mai kyau kuwa aiki ne da ake kan yi, Mozilla na tara muryoyin masu sa kai, kamfanin Meta ya sa Hausa cikin harsuna sama da 1,000 da ya fitar wa murya a 2023. Kafin ta nuna, muna da abin da ba mu rasa ba: masu karatu da murya mai daɗi sun cika gidajen rediyonmu, ga masu karanta littattafan hikaya da matan aure ke saurare a waya. A ba su littafin Hausa na firamare su karanta.

Ka yi maganar wuta da kuɗin data. Gaskiya ne, amma wannan hujja ce a kan shirin gaba ɗaya, ta shafi mai ido kamar yadda ta shafi makaho. Idan ka ce kada a sayi kwamfutocin sam sai an yi rufi, wannan muhawara ce daban, kuma zan saurare ka. Tunda dai an yanke za a saya, kuma ana saya, to a sayi wanda kowa zai shiga. Littafin da aka ajiye da rubutun ainihi ma ya fi na hoto sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, ya fi saurin sauka a ƙauyen da sabis ke rawa, kuma yana zama daidai a ƙaramar waya. Ɗan talaka mai ido shi ma ya ci riba.

Abin da nake nema bai wuce sharaɗi a takardar kwangila ba. Gwamnati ce babbar mai saye. UBEC, wadda doka ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta gina makarantun zamani 37 a jihohi da Abuja. Ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da dandalin Learning Passport a 2022 da darussa har cikin Hausa. Jihohi na raba wa malamai kwamfutocin hannu. Mai biya shi ke da ta cewa. Ba sai mun ƙirƙiro ma'auni ba, akwai ƙa'idojin WCAG da duniya ke aiki da su tun 1999, da tsarin littafi na EPUB. Amurka ta wajabta wa hukumomin jihohinta, har da makarantun gwamnati, bin ƙa'idojin nan a watan Afrilun 2024, dokar Tarayyar Turai da ta shafi littattafan lantarki kuma ta fara aiki a Yunin 2025. Kamfanonin da ke sayar musu su ne ke sayar mana da yawa daga cikin kayan nan, sun san yadda ake yi, ba sa yi mana ne don ba mu tambaya ba.

Sai dai rubuta sharaɗi bai wadatar ba in babu mai gwadawa, kuma jami'in da ke gani da ji ba zai iya wannan gwajin ba. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo tana horar da malamai tun 1977, sassan ilimi na musamman a Jami'ar Jos da ta Bayero ma haka, cikinsu akwai makafi da kurame masu digiri da ke zaune babu aiki. A ɗauke su, a biya su kuɗin ƙwararru, a zaunar da su gaban manhajar kafin a sa hannu a biya ɗan kwangila kason ƙarshe. Idan malama makauniya ta kasa buɗe darasi na ɗaya ta kai ga tambayoyin ƙarshensa ita kaɗai, aikin bai kammala ba. Hukumar NERDC kuma, da take tantance littattafan makarantu, ta sa cikin sharuɗɗanta cewa mawallafi ya miƙa rubutun ainihin littafin tare da bayanin hotunansa, a ajiye a wurin da aka amince da shi, yadda makarantar Gindiri ko ta Tudun Maliki za ta karɓa ta buga na burel tun ana hutu, kafin zangon karatu ya fara.